FILIN LAFIYA: Kansar ƙoda na iya dawowa bayan shekaru

Filin lafiya na wannan wata ya shafi wani ciwo da ba a cika jin sunansa ba a karkara. Shi ne kansar ƙoda. Wasu na ce masa sankara, wasu na cewa ciwon daji. Ciwon ga yana da wani hali da ya kamata manoma da makiyaya su sani. Ana iya yi wa mutum aikin fiɗa a cire ƙodar da ta kamu. Ya warke, ya koma gonarsa ko garkensa, ya yi shekara 10 ko 20 lafiya lau. Sai wata rana ciwon ya sake tasowa. Ba ga kowa yake dawowa ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun rabu da shi ke nan. Amma ba mai iya duban mutum ya ce tabbas wannan ya tsira har abada. Don haka wanda aka cire wa ƙoda saboda kansa bai gama da asibiti ba.

Mene ne aikin ƙoda?

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ƙoda. Mutum ma biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, can ta baya ƙarƙashin haƙarƙari. Girman kowace kamar dunƙulen hannu. Aikinsu tace jini. A kwana ɗaya ƙoda biyu na tace ruwan jini wajen lita 180, wato jarka 9 mai lita 20. Kusan duka ruwan na komawa cikin jiki. Abin da ke fita fitsari bai wuce lita 1 da rabi ko 2 ba, tare da dattin da jiki ba ya so. Ƙoda kuma na taimakawa wajen daidaita hawan jini da yawan jinin da ke jiki.

Ƙoda ɗaya mai lafiya ta isa ta riƙe mutum. Shi ya sa likita ke iya cire ɗaya. Wani likitan Jamus mai suna Gustav Simon ya yi wannan aiki tun 1869, a birnin Heidelberg, kuma matar da aka yi wa ta rayu.

Yadda ciwon ke farawa

Kansa tsiro ce. Wasu ƙwayoyin tsoka ne ke ɓacewa, su riƙa hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko kwanciyar aure. A shekarar 2022 sama da mutum 430,000 suka kamu da kansar ƙoda a duniya. Ta fi kama maza, kusan ninki biyu na mata. Ta fi yawa ga waɗanda suka wuce shekara 50. Shan taba, ƙiba mai yawa da hawan jini suna ƙara haɗarinta.

Da farko ba ta da ciwo. Alamunta in sun fito su ne jini cikin fitsari, ciwon kwiɓi da ba ya wucewa, da ƙulli a gefen ciki. Ba lalle su zo tare ba.

A nan akwai tarko. A inda ake noman rani, kamar filayen Birnin Ƙonni da Galmi, da garuruwan da ke bakin tabki, an saba ganin yara na fitsarin jini. Wannan tsargiya ce, kuma tana da magani. Sai dai sabo ya sa magidanci ma in ya ga jini a fitsarinsa sai ya ce tsargiya ce, ya share. Kuskure ne. Jini a fitsarin babban mutum, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, abin kai wa asibiti ne. Yana iya zama tsargiya. Yana iya zama tsakuwa. Yana iya zama ƙari a mafitsara ko a ƙoda. Awo ne kaɗai ke bambancewa.

Me ya sa take dawowa bayan an cire?

Manomin Adar ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ana tuge shi daga gonar hatsi, a tara, a ƙone. Gona ta yi fes. Amma irinsa ƙanana ne kamar ƙura. Suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba, ba su tsiro ba. Wata damina sai a gan su sun fito a gindin hatsi.

Kansar ƙoda kusan haka take. Ƙoda wuri ne da jini ke ratsawa dare da rana. Tun kafin a yi aiki, wasu ƴan ƙwayoyin ciwon na iya ɓallewa su bi jini. Su je su maƙale a huhu ko a ƙashi. Ido ba ya ganinsu, injin hoto ma ba ya ganinsu. Ƙarfin jiki na danne su, su yi ta barci. Ga wasu mutane ba za su taɓa farkawa ba. Ga wasu kuwa sai bayan shekaru su fara girma. Wannan ba ya nufin likita bai iya aikinsa ba. Ba ya kuma nufin wuƙa ce ta watsa ciwon, yadda wasu ke faɗa. Iri ne da ya riga ya faɗi kafin a tuge uwar.

Cikin mutum 10 da aka yi wa aiki tun ciwon bai fita daga ƙoda ba, wajen 2 ko 3 ne ciwon ke dawo wa. Mafi yawa cikin shekara 3 na farko ne. Bayan shekara 5 haɗarin na raguwa ƙwarai, amma ba ya ƙarewa. A 1981 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun bi sawun waɗanda suka yi wa aiki. Suka tarar cikin waɗanda suka kai shekara 10 bayan aikin, 11 cikin 100 ciwon ya dawo musu daga baya. Likitoci sun kuma rubuta labarin mutanen da ya dawo wa bayan shekara 30 da ɗoriya. Haɗarin ya fi yawa in ƙarin babba ne lokacin da aka cire shi, ko ya riga ya shiga jijiyar jini ko kaluluwa.

Labarin wani mai aikin rediyo

A ƙasar Ingila an yi wani sanannen mai gabatar da shiri a rediyo, sunansa James Whale. A shekarar 2000 aka gano yana da kansar ƙoda. Aka cire masa ƙodar. Ya warke ya koma bakin aikinsa. A 2006 ya kafa ƙungiya don taimakon masu irin ciwonsa. Shekara 20 suka wuce. A watan Agusta na 2020 ya sanar wa jama'a ciwon ya dawo. An same shi a ƙodar da ta rage, da ƙashin baya, da huhu, da ƙwaƙwalwa. Likitoci suka ɗora shi bisa magani. Ya ƙara shekara 5 yana raye, yana kuma magana a rediyo. Ya rasu a watan Agusta na 2025, yana da shekara 74.

Darasi biyu ke cikin labarin ga. Na ɗaya, shekara 20 ba ta hana ciwon dawowa ba. Na biyu, dawowarsa ba mutuwa ba ce nan take. Da magani mutum na iya ƙara shekaru yana amfanar iyalinsa.

Ina take fitowa, kuma da wace alama?

Ba lalle ta dawo inda aka yanka ba. Wannan ne ke ruɗar mutane. Wurin da ta fi zuwa shi ne huhu. Sai ƙashi, hanta, kaluluwa da ƙwaƙwalwa. Tana iya fitowa a gurbin ƙodar da aka cire, ko a ƙodar da ta rage. Wani lokaci a wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa. Wani lokaci can bayan tumbi, a sashen da ke daidaita sukarin jiki.

Ga alamun da wanda aka cire wa ƙoda ba zai raina ba:

1. Tari da ya wuce mako 2 ko 3, tari da jini, ko numfashi sama-sama.

2. Ciwon ƙashi ko ciwon baya a wuri ɗaya, wanda ba ya barin mutum barci da dare. Haka ma karaya ba tare da mummunar faɗuwa ba.

3. Rama ba dalili, rashin son abinci, kasala, da zazzaɓi mai zuwa yana komawa alhali awo bai nuna na sauro ba ne.

4. Jini a fitsari.

5. Sabon ƙulli ko'ina a jiki, ko a kan tabon aikin.

6. Ciwon kai mai tsanani da amai, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Wannan da riƙewar fitsari ko kasa tafiya, ba a kwana da su a gida.

Kowace cikin alamun ga na iya zama wani ciwo dabam. Tari mai daɗewa sau da yawa tarin fuka ne, kuma dole a auna majina. Ciwon baya kuwa wane manomi ne bai san shi ba? Amma ma'aikacin lafiya ba ya duba, ba ya kuma sanin gaibu. In ba a gaya masa an taɓa cire ƙoda saboda kansa ba, zai ba da maganin tari ko na gajiya, lokaci ya yi ta tafiya. Saboda haka duk asibitin da mutum ya shiga, ko don ciwon haƙori ne, maganarsa ta farko ita ce: an cire mini ƙoda saboda kansa a shekara kaza. Ko shekara 25 ta wuce, a faɗa.

Komawa awo

Amfanin komawa awo shi ne a ga ciwon tun yana ƙarami, tun mutum bai ji komi ba. Wanda ya ce sai ya ji ciwo zai koma, ya bar ƙuduji har ya yi fure.

Likitan da ya yi aikin shi ke tsara lokacin komawa, gwargwadon girman ƙarin da irinsa. Galibi a shekarun farko kowane wata 6 ne. Daga baya sau ɗaya a shekara. Bayan shekara 5, wasu akan ce su riƙa zuwa kowace shekara 2. Ba majinyaci ne ke sallamar kansa ba.

Abin da ake yi a wurin awo ba mai wuya ba ne. Ana duba jiki, a auna hawan jini. Ana ɗibar jini da fitsari don a san ko ƙodar da ta rage na aiki daidai. Ana ɗaukar hoton ƙirji. Ana yin eko, irin hoton da ake yi wa mata masu ciki. Akwai kuma babban injin hoto da ake kira sikana. Shi ya fi ganin ƙananan ƙulle-ƙulle a huhu da ciki, amma sai a manyan birane kamar Yamai, kuma yana da tsada.

Mutumin Tajaye yana farawa daga asibitin karkara da ake kira CSI. Daga nan a ba shi takarda zuwa asibitin gunduma, kamar na Illela ko na Birnin Ƙonni. Akwai asibitin Galmi cikin gundumar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950, inda ake aikin fiɗa da hoton ƙirji da eko. Akwai babban asibitin jiha a Tawa. A Yamai akwai manyan asibitocin ƙasa da likitocin ƙoda da mafitsara, da kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, wadda ta samu injin gashin kansa a 2021. Wasu kuma na tsallaka iyaka zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Daga Birnin Ƙonni zuwa Yamai fiye da kilomita 400 ne. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin awo. Nauyi ne babba ga talaka. Don haka majinyaci ya tambayi likita ƙarara: wane awo ne za a iya yi kusa da gida, wane ne sai an je birni? Awon kusa da ake yi kowace shekara ya fi awon nesa da ba a taɓa zuwa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manomi ya roƙi likita a sa ranar komawarsa bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, ko bayan an kwashe albasa. Ya ware buhun wake ko tunkiya ɗaya tun da wuri, ya ce wannan ta asibiti ce. Makiyayin da ke hawa arewa da damina ya yi awonsa kafin tashi ko da zarar ya sauko. Mai tafiya cin rani ya je awo kafin ya hau mota.

Takardu dukiya ne

Mutanen Adar matafiya ne. Wani a Abijan aka yi masa aiki, wani a Sakkwato, wani a Libiya. Shekaru na wucewa, likitan ya canza wuri, majinyaci ya manta sunan ciwon. In takardu sun ɓace, sabon likita zai fara daga duhu.

Abu 4 ne ake adanawa: karnen asibiti, takardar da ke bayanin aikin da aka yi, takardar awon tsokar da aka cire, da hotuna. Takardar awon tsoka ta fi duka muhimmanci. Ita ke faɗin ko kansa ce, wace iri ce, kuma ina ta kai. Ba kowace ƙoda ake cirewa saboda kansa ba. Ana cire wata saboda tsakuwa, ko ruɓa, ko rauni. Wanda bai san dalilin cire tasa ba ya koma ya tambaya. Haƙƙinsa ne.

A sa takardun cikin leda, a ajiye cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigon ruwa. A sa wani yaro ya ɗauki hotonsu da waya. Mutum biyu cikin gida su san inda suke.

Akwai wata al'ada da ke cutarwa. Likita ya gaya wa ƴaƴa ko ƙanne sunan ciwon, su kuma su ɓoye wa mai shi don kada hankalinsa ya tashi. Niyyar mai kyau ce. Amma wanda bai san ciwonsa ba, don me zai koma awo? Me zai gaya wa likita bayan shekara 15? A gaya masa cikin hikima da lallashi, amma a gaya masa.

In ta dawo, akwai abin yi?

Akwai. In ƙulli ɗaya ne ko biyu, a huhu ko wani wuri da wuƙa ke kaiwa, ana iya cire shi. Wasu na samun shekaru masu yawa bayan haka. An kuma lura cewa kansar da ta daɗe kafin ta dawo ta fi tafiya a hankali bisa wadda ta dawo da wuri.

Ruwan maganin kansa da aka saba ƙara wa masu wasu ire-iren kansa ba ya aiki sosai a kan ta ƙoda. Amma daga 2005 da 2006 an samu ƙwayoyin sha da ke toshe hanyoyin jinin da ƙari ke ci da su. Ɗaya daga cikinsu sunansa sunitinib. Daga 2015 an samu allurai da ke zaburar da ƙarfin jiki ya yaƙi ciwon da kansa. Magungunan ga ba su cika kashe ciwon gaba ɗaya ba, amma suna danne shi. Suna da tsada ƙwarai, kuma likitan kansa ne kaɗai ke ba da su. Gashi da inji na rage ciwon ƙashi. Ko ciwon ya yi nisa, akwai maganin rage zafi, kuma bai kamata a bar majinyaci yana murƙususu ba.

Addu'a da asibiti ba sa faɗa. Abin gudu shi ne mai maganin da zai ce a daina zuwa asibiti, ko ya yi alkawarin narkar da ƙari cikin kwana 7. Sau da yawa a hannunsa dabbobi ke ƙarewa, lokaci ma ya ƙare.

Kula da ƙodar da ta rage

Mai ƙoda ɗaya kamar mai rijiya ɗaya ne. Dole ya tsare ta.

Ya sha ruwa isasshe, musamman da bazara da lokacin noma. Ya rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Ya bar taba, ta sha da ta ci. Ya riƙa auna hawan jini da sukari, domin su biyun ne manyan masu kashe ƙoda. Ya guji maganin gajiya na tebur da na ƴan talla. Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen na lalata ƙoda in ana yawan shansu. Ya guji jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke ciki ba. Gudawa da amai haɗari ne gare shi fiye da kowa, don haka ya nemi asibiti da wuri. Kafin azumi ya nemi shawarar likitansa.

Ban da wannan, mai ƙoda ɗaya mutum ne kamar kowa. Yana noma, yana kiwo, yana aure, yana haihuwa. Ba a ce ya zauna cikin tsoro ba. Manomin da ya san akwai irin ƙuduji a gonarsa ba ya barin gonar. Yana shuka, yana kuma zagayawa yana dubawa.

Duk wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa wanda bai iya ba. In akwai wanda aka taɓa cire wa ƙoda a gida ko a unguwa ko a ruga, a tambaye shi yaushe rabonsa da awo, kuma ina takardunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wata mai zuwa.